Kalilu Mai Bidiyo da Fuskar Tani

Duk wanda aka yi wa aure ko suna a Sabon Birni cikin shekarun casa'in, in dai gidansu na da ɗan abin hannu, to ya san Kalilu Mai Bidiyo. Dogo ne siriri, kafaɗarsa ta dama ta ɗan karkace saboda daɗewa tana dakon kyamara, irin ƙatuwar nan da ake cusa wa kaset ɗungurungum a ciki. Daga Maraɗi ya sayo ta, ta hannu, bayan ya gaji da fataucin yadi da bai taɓa karɓarsa ba. Ranar da ya fara fita da ita mutane sun ɗauka ɗan jarida ne daga Sakkwato, har wani dattijo ya tare shi yana kai ƙarar rashin taki. Kalilu bai musa ba. Ya gyara tsayuwa ya ɗauke shi tsaf, don shi ma girman ya yi masa daɗi.

Daga nan sana'a ta buɗe. Yau yana Kurawa, gobe Alkalawa, jibi a turo masa mashin daga Isa. Ya ɗaure kyamara cikin tsohon bargo saboda gargadar hanya, batir a jaka, hula a ƙeya. Ya san halin mutanensa a gaban kyamara kamar yadda mahauci ya san nama. Maza sai su sandare, su ɗaure fuska kamar za a yanke musu hukunci, wanda ke dariya yanzun nan ya koma alƙali. Mata kuwa su watse suna ihu, kowa ta ja gyale ta rufe ido, amma washegari in an kunna kaset a tsakar gida su ne kan gaba wajen ƙorafi cewa ba a ɗauke su ba. Kaset a lokacin da tsada, saboda haka Kalilu ya koyi wata dabara ta sa kyamara ta riƙa jan zare a hankali, yadda kaset ɗaya zai haɗiye yini guda. Hoton kan ɗan dushe, amma wa ya damu? Mutum ya ga kansa yana motsi a talabijin, ai magana ta ƙare.

Matarsa Tani 'yar Kurawa ce, gajera mai fara'a, mai hannun tuwo. Da wuya a yi taro a danginsu ba a aiko ta zo ta tsaya kan tukunya ba, don miyar da ta kaɗa ba ta kwana. Sun yi zama mai daɗi, gajere. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ita, kafin a gama shawarar kai ta asibiti Allah ya karɓi abarsa. Ta bar 'ya ɗaya, Sadiƙa, ko yaye ba a gama ba. Ƙanwar Tani, Lailatu, ita ta ɗauki yarinyar ta raine ta a ɗakinta.

Ga abin takaicin. Mutumin da ya ɗauki fuskar rabin ƙasar Gobir bai taɓa saita kyamara a kan matarsa ba. Ba don ƙi ba. Kaset na masu biki ne, da an gama ya miƙa musu abinsu, ita kuwa Tani tana gida, kullum yana ganinta, me zai sa a ɓata mata zare? Yana cewa wata rana, wata rana. Hoto ɗaya da suka ɗauka bayan aure ruwa ya cinye shi shekarar da ɗakinsu ya rushe. Kalilu ya sake aure daga baya, ya samu zaman lafiya da 'ya'ya, amma duk sanda Sadiƙa ta zo gida tun tana ƙarama tambayarta ɗaya ce, yaya kamannin Inna suke. Da farko yana ba ta amsa dalla-dalla. Da shekaru suka ja, sai ya lura amsar ta koma 'yan kalmomi, gajera ce, mai fara'a ce. In ya rufe ido yana ganin tafiyarta, yana ganin zanen da take ɗaurawa ranar Juma'a, amma fuskar ta ƙi zuwa. Wannan abu ya ci masa rai ƙwarai, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Waya ta kashe sana'ar, kamar yadda ta kashe wasu da yawa. Yanzu a wurin biki kowane yaro mai bidiyo ne, ana ɗauka a tsaye, a karkace, da yatsa a bakin gilashi. Kalilu ya yi fushi na ɗan lokaci, sannan ya kama shago kusa da tashar 'yan kabu-kabu ya koma wa tsofaffin kaset. Mutane sun fara tono su daga ƙasan adaka, suna son a juye musu a faifai kafin su ƙarasa lalacewa. Ya tara tsofaffin na'urorin bidiyo har kan kanta, yana cire kayan wannan ya gyara wancan. Wani abokinsa Marwan, mai gyaran kwamfuta a Sakkwato, ya haɗa masa tsohuwar kwamfuta da 'yar na'urar da ke shigar da hoton kaset cikinta, ya nuna masa hanya, sauran ya koya da kansa da ɓata da gyara.

Aikin na son haƙuri, shi kuwa ya tsufa ya samu. Ba ya taɓa cusa kaset kai tsaye. Sai ya kwance ƙusoshinsa ya duba ko fumfuna ta yi fari a jikin zaren, in ta yi ya bi da auduga a hankali. Ya goge kan na'urar, ƙarfen nan da ke karanta zaren, da farar takarda da ɗan sifirit. Ya tura kaset har ƙarshe ya dawo da shi farko don zaren ya saki jiki. Sannan ya zauna da yatsa a kan maɓallin daidaita hoto, yana korar layukan nan da ke rawa a gindin allo. Inda zare ya tsinke ya yanke da reza ya liƙe da salatif. Duk kaset ɗin da ya fi ba shi wahala, in ya duba sai ya tarar nasa ne, irin na jan zare a hankali. Ya kan yi tsaki ya ce wa kansa, ga rowarka nan ta dawo maka.

Bayan an shigar da hoto cikin kwamfuta akwai abin da yake kira wanki. Manhaja ce Marwan ya sa masa, mai share yashi-yashin da ke cika tsohon hoto, ta ƙara haske, ta daidaita launi, ta rage shuuu ɗin da ke cikin sauti. Kalilu ya so wankin nan kamar me. Ɗan kaɗan yake sawa hoto ya fito fes, masu kaset su yi ta sa masa albarka. Da yake cikin kwamfutar ƙarami ne, da ya gama wanki ya ƙona faifai, wato ya juye hoton a kansa, sai ya goge ɗanyen da ya fara ɗauka don ya samu wurin na gaba.

Wata ranar kasuwa da hantsi Ɗanmusa ya shigo shagon. Tsohon ɗan kasuwa ne na Kurawa, dangin su Tani na nesa, wanda rashin kwanciyar hankali ya sa ya kwaso iyalinsa ya dawo cikin gari. Ya ajiye wani ƙunshi a kan teburi.

"Kalilu, dibi abin da munka iske ƙasan adakar tsohuwa da muna kwasar kaya. Sunan Hafizullahi na. Kai kaɗ ɗauke shi, in ba ka manta ba."

"Hafizullahi wanda ka sai da taya yanzu?"

"Shi hwa. Ɗiyanai ka son ganin ubansu cikin zanen goyo."

Kalilu ya kwance ƙunshin ya ga kaset ya sha duniya. Fumfuna ta yi masa fari fat, zaren ya manne, gefe ɗaya ya tattare saboda zafi. Ya ce zai gwada, amma kada a sa rai. Sai da Ɗanmusa ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"Ai marigayiya ita tat tuƙa tuwon ranan. Allah shi jiƙan Tani."

Kalilu ya ce amin. Ya zauna. Ya daɗe yana kallon kaset ɗin bai taɓa shi ba. Ya tuna lalle ya shiga cikin gida ranar ya ɗauki mata a madafa, kamar yadda ya saba. Ko ta shiga hoton, ko ta kauce, wannan ne bai sani ba.

Kwanaki ya yi a kan kaset ɗin nan, ya ture aikin kowa. Ya bi zaren da hannu taku-taku, yana gogewa yana naɗewa a wani gidan kaset mai lafiya. Ranar da ya kunna shi sai da ya yi bisimilla da ƙarfi. Hoto ya taso cikin yashi da rawa, ga zaure, ga maza a sandare, ga rago, ga wanzami. Na'urar na wani ƙara da bai so ba. Can sai kyamara ta kutsa cikin gida, mata suka watse, hayaƙi ya turnuƙe, sai ga wata gajerar mace sunkuye kan tukunya da goyo a baya. Ta ɗago ta dubi kyamara. Ba ta gudu ba.

Hawaye ne suka hana shi ganin sauran. Da kaset ya ƙare ya buɗe na'urar ya tarar da gari ja-ja a kan ƙarfen, wato zaren yana zubar da jikinsa, kuma wani wuri ya yamutse. Ya san irin wannan kaset, ba kasafai yake yarda a bi ta kansa sau biyu ba. Amma abin da ke cikinsa ya shiga kwamfuta, alhamdulillahi.

Sai dai hoton ya yi muni. Fuskar tana can cikin yashi kamar ana hango mutum ta tsohuwar asabari. Kalilu ya ce ina, ba haka zai nuna wa Sadiƙa uwarta ba bayan duk shekarun nan. Ya buɗe manhajar wanki, kuma maimakon ɗan kaɗan da ya saba, ya ja ta har iyakarta. Ya sake wankewa a kan wankin. Ya ƙara haske, ya share shuuu ɗin sauti har ya rage sai kiɗan kalangu da guɗa. Kwamfuta ta yini tana nishi. Da ta gama, sai ga mace fes a allo, fuska sumul, tana sheƙi. Ya ƙura mata ido ya ce wa zuciyarsa, to, haka take ashe. Ya ƙona faifai biyu, ya goge ɗanyen kamar kullum, ya aika Isa inda Sadiƙa ke aure cewa ta zo, ta biyo da Lailatu.

Suka zo bayan azahar. Lailatu ta manyanta, amma bakinta na nan yadda yake, kuma wasan da ke tsakanin mutum da ƙanwar matarsa bai tsufa ba.

"Mijin Yaya, mi am mugun abin da kaƙ ƙulla, kat tashe mu cikin rana haka?"

"Ke dai zamna, uwar surutu. Ɗiyata, matso nan kusa."

Ya sa faifan ya wuce da shi daidai wurin. Da macen ta ɗago, ya tsayar da hoton. Ya ce, "Ga innarki."

Sadiƙa ta dafe ƙirji ta fashe da kuka. Tana kuka tana murmushi, tana cewa ashe Inna kyakkyawa ce haka. Lailatu kuwa ta miƙe. Ta matsa gaban allon, ta karkata kai, ta ja baya, ta sake matsowa.

"Wagga wace ta?"

"Kamar yaya wace ta? Yayarki ta mana."

"Zanen jikinta dai na Yaya na, ni nas saya mata shi. Goyon ma na gane. Amma hwuskar ga ba tata ba ta. Ina zanenta na kumatu? Mu Gobirawa na, Kalilu. Ba rana ɗaya wanzami yay yi muna ba, amma aska guda ta. Dibe ni." Ta juya masa kuncinta, inda siraran layukan suka taso daga gefen baki suka nufi kunne. "Ina kak kai nata?"

Kalilu ya dubi Lailatu, ya dubi allo. Manhajar ba ta san Gobir ba. Ta ga siraran layuka a kumatun mace cikin yashi, ta ɗauka su ma datti ne, ta share su tare da sauran. Wannan bai dame shi ba kamar ɗayan abin. Ya yini yana kallon fuskar nan, ya yarda da ita, bai ko lura da abin da ya ɓace ba. Zanen da ya sha shafawa da yatsa yana tsokanarta. Ashe mantuwar ta kai har can. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi a gaban 'yarsa.

Lailatu ta ga yadda ya koma, sai ta sassauta. "To mai da shi yadda yat taho mana, da dattin nai."

"Na goge wancan," in ji shi. "Sai an sake bi ta kan kaset. In kau yat tsinke kahin a kai wurin, shi ke nan."

Sadiƙa ta share hawaye ta dubi matar da ke allon, wadda ta gama yi wa kuka yanzun nan. "Baba, ni dai Innata ni ka so in gani. Ko da ba ta hita sosai ba."

Kaset ba nasa ba ne, don haka ya taka har rumfar Ɗanmusa ya kai masa faifansa, ya gaya masa gaskiyar abin da ake ciki, har da cewa mai yiwuwa kaset ɗin ba zai rayu ba. Ɗanmusa ya ce ya je ya yi, ai ko ya tsinke a kan Tani ya tsinke, ta ci fiye da haka a wurinsu.

Washegari da safe su ukun suka dawo shagon. Kalilu ya zaɓi na'urar da ta fi taushin ja a cikin tarinsa, ya goge kanta har takarda ta fito fara. Bai yarda na'urar ta tura kaset da kanta ba, da yatsa ya juya shi a hankali har ya kusa wurin madafa, don kada zaren ya sha wahalar banza. Inda ya yamutse ya lallaɓa shi ya miƙar. Ya kashe duk wani wanki na hoto da na sauti, ya bar komai yadda Allah ya yi shi. Abu ɗaya ya riƙe, maɓallin daidaita layuka. Ya ƙara muryar lasifika, ya danna.

Shuuu ya cika shagon. Yashi ya taso, hoto ya yi rawa ya tsaya. Na'urar ta fara ƙaran nan. Ga hayaƙi, ga mata na gudu, ga mace sunkuye da goyo. Ta ɗago. Hasken rana ya faɗo mata ta gefe, kuma cikin yashin nan, dishi-dishi amma babu shakka, ga layukan a kumatunta, suna lanƙwasa da murmushin da take yi.

"Yaya!" in ji Lailatu, ta toshe baki da gyale.

Kalilu bai ji ta ba. Fuskar da ta ƙi zuwa shekara da shekaru ta dawo masa gaba ɗaya, ba ta allon kaɗai ba, har da wadda allon bai nuna ba, ta safiya, ta fushi, ta ranar da aka kawo ta. Sai ya ga bakinta na motsi, kuma ƙarƙashin shuuu ɗin da ya share a karon farko, wata 'yar murya ta fito, siririya, tana dariya.

"Malam, aje abin ga ka zo ka ci tuwo, shina hucewa."

Wata murya ta amsa daga bayan kyamara, ta saurayi mai ji da kansa. "Ina zuwa." Hoton ya juya ya bar ta, ya bi bango, ya nufi zaure wurin maza.

"Kai, tsaya mana!" Kalilu ya daka tsawa, ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. "Ina za ka?"

Mai kyamara bai tsaya ba. Ya kai bakin zaure ke nan na'urar ta yi wani ƙara, allo ya koma shuɗi. Zaren ya tsinke, ya naɗe a ƙarfe. Ba wanda ya kula da shi. Kalilu ya duba kwamfuta, ya ga ta kama. Ya mayar baya, ya tsayar daidai inda ta ɗago.

Sadiƙa ta durƙusa gaban allon. Ba ta yi kuka irin na jiya ba. Ta sa yatsa ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya, daga gefen baki zuwa kunne, sannan ta taɓa ɗan kan da ya leƙo daga zanen goyo. Ta ce a sake sa muryar. Aka sake. Ta ce a ƙara.

Can ta juyo ta dubi ubanta.

"Baba, ka dawo ka ci tuwon?"

Kalilu ya duba cikin ransa iyakar dubawa, bai samu ba. Ya juya wajen Lailatu ko ita ta tuna, ta girgiza kai tana share ido.

"Ban sani ba, ɗiyata," in ji shi. "Ina dai hwatan na dawo."